Waiwaye: yadda aka kashe Paul McCartney da baki alhali yana raye

Har yau akwai masu jera tsofaffin hotunan Paul McCartney a intanet suna gwada kunnuwansa da haɓarsa, wai don su tabbatar da cewa mawaƙin na ƙungiyar Beatles ya mutu a hatsarin mota a Nuwamba 1966, aka kawo mai kama da shi ya maye gurbinsa. Mutumin da aka haifa a 1942 kuwa yana nan da ransa.

An saba fara labarin daga 1969. A Satumbar shekarar wata jaridar ɗalibai a jihar Iowa ta Amurka ta buga tambayar ko ya mutu, a Oktoba wani mai sauraro ya kira gidan rediyo a Detroit da maganar, sannan wani rubutun barkwanci a jaridar ɗaliban Jami'ar Michigan ya bazu, jama'a suka ɗauki wasa a matsayin hujja. Kafin mujallar Life ta buga a Nuwamba hirar da ta yi da shi a gonarsa ta Scotland, magana ta riga ta zagaye duniya.

Sai dai wutar ta daɗe tana ci a ƙasa. Ranar 29 ga Agusta 1966 Beatles suka yi wasansu na ƙarshe na yawon kiɗa a San Francisco, suka koma ɗakin ɗaukar sauti. Masoyan da suka saba ganinsu ido da ido sai suka wayi gari ba su da komai a hannu illa faifai da bangonsa, kuma a daidai lokacin faifan suka zama abin da ake zama a yi nazari. A 1966 ƙungiyar ta fara sanya murya da aka juya baya a cikin waƙa, wanda ya koya wa matasa ɗora yatsa a kan faifai su murza shi baya don jin abin da ke ɓoye. Faifan Sgt. Pepper na 1967 ya zo da baitocin waƙoƙi a rubuce a bayansa, gabansa kuma cunkus da fuskokin mutane da furanni da wasu suka ce kabari ne. A Janairun 1967 ma motarsa ƙirar Mini ta yi hatsari a Ingila ba ya ciki, raɗe-raɗi ya tashi a Landan, har mujallar masoyan ƙungiyar ta ƙaryata shi a Fabrairu. A ganina nan ne tushen, domin mai kewa idan aka ba shi hoto ya yi ta kallo, to zai ga abin da babu.

Shi ya sa da faifan Abbey Road ya fito a Satumba 1969, idanu a shirye suke. A bangonsa mawaƙan ƙungiyar huɗu suna tsallaka titi, aka ce jana'iza ce: John Lennon cikin fararen kaya, Ringo Starr cikin baƙaƙe, George Harrison mai haƙa kabari, McCartney ba takalmi, wato gawa. Lambar wata Volkswagen a gefe aka karanta ta 28IF, wai da yana raye da ya kai 28, ko da yake shekarunsa 27 ne a lokacin. A 1993 ya fitar da faifan Paul Is Live, yana tsallaka titin nan da kare, lambar motar kuma an mayar da ita 51 IS, wato shekarunsa a lokacin.