Tsohon jirgin ruwa mai inji da tsadar fetur: in riƙe ko in sayar?

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Daga Yawuri har Lokoja, masu tsofaffin jiragen katako da injin da ake ɗaurawa a baya tambayoyinsu iri ɗaya ne. Ga amsoshin wuri guda, maimaitawar ta isa haka.

Injina yana shan mai fiye da kima. In sayar?

Lita nawa yake sha a awa ɗaya? Idan ba ka sani ba, ba ka kai ga maganar sayarwa ba tukuna.

To yaya zan auna?

Cika tanki har wuya. Yi tafiyar da ka saba, da kayan da ka saba ɗauka, ka riƙe lokaci. Da ka dawo ka sake cikawa da ma'aunin lita na gaskiya, ba kwalbar 'yan bumburutu ba. Raba litocin da awannin. Ka yi sau uku, zuwa da dawowa, domin hawan kogi da gangara ba ɗaya ba ne.

Nawa ya kamata mai ƙarfin doki 40 ya sha?

Tsohon tu-sitirok (injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai) mai kafireta, irin Yamaha Enduro da ya cika bakin ruwa, yana shan lita 15 zuwa 20 a awa idan an murɗe totur har ƙarshe. Mai doki 15 kuwa wajen lita 6 zuwa 8. Haka aka ƙera su, ba lalacewa ba ce: a irin wannan inji wani ɓangare na fetur yana ficewa ta salansa bai ƙone ba, musamman a tafiyar sannu. Idan naka ya zarce haka nesa, da abin gyara.

In rage baƙin man da nake gaurayawa don in yi tsimi?

Kada ka kuskura. Lita 25 ta fetur, rabin lita na baƙin mai, wato 50:1, sai dai idan littafin injinka ya faɗi wani abu daban. Injin da aka sa wa sabon fistin da ringi ana ninka masa, 25:1, a awanni goma na farko. Wannan man shi kaɗai ke shafar karanshaf da fistin. Ka rage shi, injin ya kama a tsakiyar ruwa, kuɗin gyaran sai ya sayi baƙin man shekara biyu.

Baƙin man mota fa?

A'a. Nemi na injin jirgin ruwa, mai tambarin TC-W3. Na mota yana barin toka a kan fistin, yana liƙe ringi, yana kashe fulogi.

Ina ba shi wuta sosai amma gudun bai ƙaru ba, sai mai ke tafiya.

Nan ne akasarinku kuke zubar da kuɗi a ruwa. Dogon jirgin katako mai nauyi ba ya hawa saman ruwa kamar jirgin gudu, tsaga ruwan yake yi, kuma tsawonsa ne ke yanke masa iyakar gudu. Mai tsawon mita 12 iyakarsa wajen kilomita 15 a awa. Da ka matso wannan iyaka, duk wutar da ka ƙara sai bayan jirgin ya dulmiya, gaba ya ɗaga, igiyar ruwa ta yi girma, shi ke nan. Sassauta totur zuwa kashi biyu cikin uku ka sake awo. Sau da yawa shan mai yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, tafiyar kuwa 'yan mintoci kawai za ta ƙara.

Sannan ka dubi farfela. Fiffike ɗaya da ya lanƙwashe bayan ya daki kututture, irin waɗanda tafkin Kainji ya binne tun 1968, ya isa ya ci maka mai kullum. Da kayanka na yau da kullum, injin doki 40 ya kamata ya kai juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an cika wuta. Idan ba ya kaiwa, farfelar ta yi masa nauyi; inci ɗaya na ragin karkatarta yana ƙara juyi 150 zuwa 200. Farantin da ke saman farfela ya zama daidai da ƙasan jirgi. Idan ya nutse ƙasa sosai, ruwa kake ja a banza. Ka kankare gansakuka a jikin jirgin ta waje, ka kwashe ruwan da ya taru a ciki: kowace lita kilo ɗaya ce da kake sayen mai don ɗaukarta.

Makanike ya cire min tamostat, ya ce injin zai fi sanyi.

Mayar da ita, ita ce ke daidaita zafin inji. Injin da bai ɗumama ba ba ya ƙone mai sosai. Idan yana zafi, robar famfon ruwa ce ta cinye, a canza ta duk shekara, musamman a ruwa mai yashi. Kullum ka ga ɗan ruwan nan yana tsartuwa ta bayan inji kafin ka bar gaɓa.

To in sayar da tsohon injin in sayi fo-sitirok, wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa nan take bai tambaye ka abin da ya kamata ba.

Fara da lafiyar tsohon. A sa geji a auna matsin kowace silinda, inji da ɗumi, an cire fulogi duka. Idan suna kai 100 psi (ma'aunin matsi a jikin geji) ko sama, kuma bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, zuciyar injin lafiya lau take, sauran ciwon ƙanana ne: allurar kafireta da ke yoyo, cok da ke maƙalewa, tiyon mai da ya tsage, fulogi da ya yi baƙi. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa a duba. Idan man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa na shiga, yawanci zaren kamun kifi ne ya nannaɗe bayan farfela ya yanke roba. Wannan ma gyara ne mai sauƙi in an kama da wuri. Amma idan silinda ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, ko akwai ɓurɓushin ƙarfe da yawa a man giya, lissafin ya canza.

Fo-sitirok yakan rage shan mai da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ya fi haka a tafiyar sannu, ya gaza haka idan kullum a cike kake ba shi wuta. Mu ɗauki misali, ka sa naka alƙaluman. A ce kana shan lita 12 a awa, awa 3 a rana, kwana 6 a mako: lita 216. Ragin kashi 25 lita 54 ke nan, a naira 1,000 ya kama 54,000 a mako. Idan cikon da za ka yi bayan ka sayar da tsohon miliyan 5 ne, kuɗinka zai dawo cikin kusan shekara biyu. Wanda kuwa awa 3 kacal yake yi a mako, na zuwa gona tsallake ko ranar kasuwa, naira 9,000 zai rage, sai ya haura shekara goma. Mai fito na kullum yana da hujjar canzawa, ɗayan ba shi da ita.

Ko mai fiton ma ya dakata. Fo-sitirok ya fi nauyi da kilo 20 ko fiye, tsohon katakon baya zai iya ɗauka? Yana son canjin baƙin mai duk awa 100. Idan mai injekta ne, wato mai fesa fetur maimakon kafireta, ba ya yafe fetur mai ruwa ko datti, alhali tsohon naka a wanke kafireta ne a ci gaba. Akwai makaniken da ya san shi a garinku, ko sai an kai shi birni? Kayansa fa? Mako biyu jirgi na ɗaure a gaɓa lokacin cikar ruwa ya cinye ribar watanni. Wani lokaci mafita ta uku ta fi: idan jirginka ba ya wuce kilomita 12 a awa, watakila doki 40 ya yi masa yawa tun asali, mai 25 ko 15 zai iya, sai dai ka gwada da cikakken kaya a kan igiyar damina kafin ka biya. Inji na hannu kuma kada ka saya ba geji.

Jirgin gadon mahaifina ne, ba na son rabuwa da shi.

Ba laifi, Malam, wannan ma dalili ne, kuma ba wanda zai ce ka yi wauta. Sai dai ka ɗauki sukudireba ka bi katakon ƙasa, haƙarƙari da wurin ɗaura inji kana dannawa. Inda ta shige da sauƙi ya ruɓe. Katako ɗaya ko biyu kafinta zai canza. Idan ƙashin bayan jirgin ne ya tafi, ko ƙusoshi sun yi tsatsa ko'ina, to ba fetur ne matsalarka ba, kuma ba a ɗora mutane a kansa.

In ƙara fasinja don in mayar da kuɗin mai?

Haba! A Mayun 2021 tsohon jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kogin Neja kusa da Wara a jihar Kebbi, aka yi ta tsamo gawarwaki kwana da kwanaki. Ka ƙara kuɗin fito, ka rage yawan sawu, ku haɗa fasinja da abokan sana'a. Rigar kariya ga kowa, ban da tafiyar dare, kamar yadda hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ke ta nanatawa. Man tafiya kuma a kasa uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya.

Zan ajiye shi sai mai ya sauka. Me zan yi?

Cire tiyon mai alhali inji na aiki a cikin ruwa, bar shi ya shanye na kafireta ya mutu da kansa, don fetur da ya daɗe yana zama danƙo ya toshe ta. Ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi, ja igiya sau uku ko huɗu. Canza man giya. Jingine injin a tsaye, a inuwa. Jirgin katakon kuwa kada ka bar shi a tudu cikin rana da hunturu, katako zai bushe ya buɗe. Bar shi a ruwa ko ka rufe shi kana jiƙawa.