Ba a taɓa inji sai da fom: tambayoyi da amsoshi kan ƙa'idar canji a masana'anta

Matasan Nima da Maamobi da ke aiki a masana'antun magani da na ruwan leda a Accra da Tema suna yawan ƙorafin cewa sashen inganci ya ɗaure musu hannu, ko murfin kwalba ba a canzawa sai da takarda. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yi.

Malam, me ake kira canji?

Duk abin da zai sa kayan da aka yi yau su bambanta da waɗanda hukuma ta yi wa rajista. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, tana aiki ƙarƙashin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, kuma ba sunan magani kaɗai take amincewa da shi ba, har da sinadaransa da inda ake samo su da yadda ake haɗa su da abin da ake zuba shi a ciki. Sabon dillali canji ne. Haka ƙara zafin liƙe leda, ko sauya rubutun jikin kwali, ko sabunta manhajar inji.

Yaya ake bin matakan?

Mai son canjin zai cika fom ya faɗi yadda abin yake yanzu, yadda yake son ya koma, da dalili. Sashen inganci ya ba fom ɗin lamba, sannan a zauna da injiniya da masu ɗakin gwaji da mai kula da rajista a auna haɗari. Sai kowa ya sa hannu kafin a taɓa komai. Idan canjin babba ne, al'ada ita ce a yi zubi uku a jere a gwada, a kuma ajiye samfur a ɗakin gwajin daɗewa, inda gwajin gaggawa ke ɗaukar wata 6 a zafin digiri 40 da danshi kashi 75 cikin ɗari. Daga nan a gyara takardun aiki, a janye tsofaffin daga jikin inji, a horar da ma'aikata. Wurin janye tsofaffin nan ake yawan tuntuɓe: sabuwar takarda tana ofis, mai aikin dare yana bin tsohuwa da ke manne a bango.

In sinadari iri ɗaya ne, dillalin kawai aka canza, ina matsala?

Nan ne haɗarin ya fi girma. Rubutun jikin duro da takardar shaidar da dillali ya kawo ba hujja ba ne. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara fiye da 80 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin fitar haƙori, domin an sayo sinadari daga dillalin da ba shi da lasisi, ashe diethylene glycol ne mai kashe ƙoda, ba propylene glycol da ya kamata a zuba a maganin ba. Su biyun ruwa ne mai kauri marar launi, ido ba ya rarrabe su. A 2022 irin wannan guba ta sake kashe yara a Gambiya ta hanyar maganin tari. Don haka kafin a karɓi sabon dillali sai an binciki inda yake samo kaya, kuma irin wannan sinadari kowane duro ake ɗiba a gwada, ba ɗaya daga cikin goma ba. Araha ba ta ado.

Mene ne kuma kula da saiti?

Rubuta ainihin halin da kowane inji yake ciki: lambar sigar manhaja, zafi, gudu, matsi, da wanda ke da izinin shiga ya sauya su. Ba za ka san an canza abu ba in ba ka rubuta yadda yake tun farko ba. Mu da muka san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, mun san amfanin kula da saiti: wuta ta ɗauke, batirin ƙwaƙwalwar injin ya riga ya mutu, inji ya tashi da saitin da ya zo da shi daga kamfani. Leda tana fitowa kamar ta liƙu, sai an kai kasuwa ta fara yoyo. Mai kwafin saitin da aka amince da shi zai duba ya maido kafin ya ci gaba. Lambar sirri ɗaya da dukan ma'aikata ke amfani da ita kuwa, tana ɓata tarihin inji gaba ɗaya, domin ba a san wa ya taɓa ba.

Inji ya lalace da tsakar dare, mu jira safe?

A'a. A kira mai izini a sashen inganci, a rubuta canjin wucin gadi da ranar ƙarewarsa, a killace zubin har a duba shi. Amma a kiyaye, na wucin gadi da ba a rufe ba yakan shekara yana aiki.

Dole ne a sanar da FDA kowane canji?

Ba kowane ba. Mayar da bel da irinsa sak, rubutun cikin gida ya isa. Abin da ya shafi takardun rajista, kamar wurin haɗa magani ko tushen babban sinadari ko wa'adin lalacewa, ana shigar da takardar neman sauyi, kuma manyan ciki ba a sayar da kayansu sai amincewa ta fito. Lokacin bincike, sufeto yakan ɗauki lambar sigar da ke fuskar inji ya gwada da wadda ke cikin fayil, in sun saɓa ya nemi fom ɗin da ya ba da izini.