Sayar da Babe Ruth (1919)

Sayar da Babe Ruth shi ne cinikin da ƙungiyar ƙwallon besbol ta Boston Red Sox ta yi da New York Yankees a ƙarshen 1919, inda ta miƙa mata ɗan wasanta George Herman Ruth (1895–1948), wanda ake wa laƙabi da Babe Ruth. Babu cinikin ɗan wasa da aka fi ambato kamarsa a tarihin wannan wasa a Amurka.

Tushen lamarin

Tun wajen 1879 masu ƙungiyoyi suka fara sa wani sharaɗi a kwantiragi wanda ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ko da wa'adinsa ya ƙare. Ƙungiya na iya sayar da shi ko ta yi musanyarsa ba tare da ta nemi yardarsa ba. Wannan sharaɗi ya danne 'yan wasa har zuwa shekarun 1970.

Ruth ya zo Boston a 1914 daga Baltimore a matsayin mai jefa ƙwallo, kuma bahago ne. Ƙungiyar ta ci kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol a Amurka, a 1915 da 1916 da 1918 yana cikinta. A 1919 ya fi mayar da hankali ga bugu, ya yi bugun da ake kira "home run", wanda yawanci ƙwallo ke tsallake katangar fili, har sau 29, abin da ba a taɓa yi ba a kaka guda. Sai ya nemi a ninka albashinsa daga dala 10,000 zuwa 20,000.

Cinikin

Mai Red Sox, Harry Frazee, wanda sana'arsa shirya wasannin dandamali ce, ya ƙi ƙarin albashin, ya sayar da Ruth ga Yankees. An sa hannu a takardar cinikin ranar 26 ga Disamba 1919, aka sanar ranar 5 ga Janairu 1920. Farashin dala 100,000 ne: 25,000 a hannu, sauran kashi uku da kuɗin ruwa. Ban da wannan, Jacob Ruppert, ɗaya daga cikin masu Yankees, ya ba Frazee rancen da aka fi cewa ya kai dala 300,000, filin wasan Red Sox, Fenway Park, kuma ya zama jingina.

An daɗe ana cewa Frazee ya yi cinikin ne don ya shirya wani wasan kiɗa da rawa. Masu bincike ba su daidaita a kan haka ba.

Abin da ya biyo baya

Ruth ya yi irin wancan bugu sau 54 a 1920, sau 60 a 1927. Yankees ta buɗe sabon filinta a 1923, ta kuma ci kofinta na farko a shekarar. Ita kuwa Boston sai a 2004 ta sake ɗaga kofin, bayan shekara 86.

Takardu da sa hannu

An yi gwanjon kwafi ɗaya na takardar cinikin a gidan gwanjo na Sotheby's a 2005 kan dala 996,000. Wani kwafin ya haura dala miliyan 2 a 2017. Ruth mutum ne mai yawan sa hannu a ƙwallo ga 'yan kallo, musamman yara, shi ya sa ƙwallayen da ya sa wa hannu suke da yawa. Farashinsu ya danganta ne da hasken tawada, da tsabtar fatar ƙwallon, da ko sunansa kaɗai ne a tsakanin ɗinki biyu na ƙwallon. Jabu ma ya yi yawa, don haka manyan gidajen gwanjo kan nemi shaidar masu tantancewa irin su PSA/DNA ko JSA.