Wakilin labarun siyasa a arewacin Kamaru

Wakilin labarun siyasa shi ne ɗan jaridar da ke bin harkokin mulki, jam'iyyu da zaɓe, yana aika rahoto ga gidan rediyo ko jarida. A arewacin Kamaru yawancinsu na zaune ne a Garwa, Marwa ko Ngaundere, manyan biranen yankuna 3 da aka fitar daga tsohon lardin Arewa a 1983. Masu aiki da sassan Hausa na BBC, DW da RFI kan ɗauki hira da Faransanci ko Fulatanci, sannan su mayar da ita Hausa.

Tarihi

An buɗe gidan rediyon Garwa a wajajen 1958. Zamanin Ahmadou Ahidjo, ɗan Garwa da ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982, aikin bai wuce karanta sanarwar hukuma da bin rangadin shugaba ba, domin jam'iyya ɗaya ce tun 1966, kuma dokar 1962 kan zagon ƙasa na iya kai mai suka kurkuku. Paul Biya ya hau mulki ranar 6 ga Nuwamba 1982. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, wanda aka ɗora wa sojoji 'yan arewa, 'yan siyasar yankin suka kama bakinsu. Dokokin Disamba 1990 ne suka dawo da jam'iyyu barkatai, aka samu 'yan hamayya irin su Bello Bouba Maigari na jam'iyyar UNDP da za a yi hira da su. Sai a 1996 aka daina kai jarida gaban hukuma kafin ta fita kasuwa. Wakilin da ya ratsa waɗannan zamunna, jarinsa shi ne mutanen da suka yarda da shi: kantomomi, fadawan lamido da sakatarorin jam'iyyu.

Yadda ake aikin

Rahoton rediyo bai cika wuce minti 3 ba: gabatarwa, muryar ɓangarori biyu, sai rufewa. Ana naɗa shi a waya a tura ta intanet. Da can ta tarho ake karanto shi. Ranar zaɓe hukumar zaɓe ta ELECAM ke shirya rumfuna, amma Majalisar Tsarin Mulki kaɗai ke da ikon bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, cikin kwana 15. Nan sababbin shiga kan yi tuntuɓe, su ɗauki alƙaluman wakilan jam'iyya a matsayin sakamako. Wata matsalar ita ce "gombo", kuɗin mota da mai taro kan miƙa, wanda ke sa rahoto ya karkata.

Dokar ta'addanci

Dokar Disamba 2014 ta ba kotun soja hurumin shari'o'in ta'addanci. An kama Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa, a Marwa a Yulin 2015, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2017 a ƙarƙashin wannan doka. RFI ta ce ba shi da laifi. An sake shi a Disambar shekarar bayan ɗaukaka ƙara.