Ziyarar filayen daga da makabartun sojoji: daga ina mutumin Kano zai fara?

Watanni uku da suka wuce, mu biyar 'yan majalisar hira ɗaya muka ware wata Asabar muka zaga wuraren da aka taɓa gwabza yaƙi a birnin nan. Tun daga ranar ake ta jefo mini tambayoyi, wasu a bakin masallaci, wasu ta waya. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce kuwa?

Sun fi mu tsara abin, wannan gaskiya ne. A Normandi ta ƙasar Faransa, inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944, makabartar Amurkawa kaɗai tana da kaburbura fiye da 9,000, a jere reras, kowanne da dutsensa. Amma ka tambayi duk alhajin da ya je Madina, zai gaya maka an kai shi Uhudu, ya hau tudun maharba, ya yi sallama ga Sayyidina Hamza da sauran shahidai kusan 70 da suka kwanta dama a shekara ta 3 bayan Hijira. Wannan ziyarar filin daga ce, ziyarar makabartar mayaƙa ce. Manzon Allah (SAW) da kansa yakan ziyarce su, ya kuma ba da izinin ziyarar kabari domin tana tuna lahira. Saboda haka abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Na gida ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

To a cikin Kano ina filin dagar yake?

Kana bi ta kansa kullum in kana hawa titin BUK. Rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta ci Bebeji a hanya, ta iso bakin badala ranar 3 ga Fabrairu. Ta ɓangaren Ƙofar Kabuga suka samu shiga. Dalilin da suka kafa shi ne Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya gudo Kano, Sarki Alu kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Sun zo da igwa da bindiga mai ruwa, mutanen birni kuwa yawancinsu kwari da baka ne da takobi da mashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne. Sojojin fiye da 700 baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji, Hausa suke yi.

Da muka isa Kabuga da hantsi, babu abin da ke tashi sai ƙarar hon da hayaƙin a-daidaita-sahu. Muka ajiye mota muka taka a ƙasa ta wajen Dukawuya, inda guntun badala ya rage. Na ɗora tafin hannuna a jikinta. Jar ƙasa ce, ruwan sama ya zaizaye ta ya bar kwari-kwari, leda ta maƙale a gindinta, an kuma ci gefenta da gini. Wani dattijo na zaune a inuwa yana jan carbi. Muka durƙusa muka ce, "Baba, barka da hutawa." Ya amsa, ya tambaye mu ko daga gwamnati muke. Da muka ce a'a, tarihi muka zo gani, sai ya yi shiru yana kallonmu, sannan ya sa mana albarka. Ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu ke nan, yau har mai zama a gindinta yana mamakin a zo ganinta.

Daga nan ku wuce ƙofar Gidan Rumfa, inda Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya da mutanensa har aka kashe shi. Ku ƙarasa Gidan Makama ku ga sulke da lifidi da makaman wancan zamani ido da ido. In da sauran ƙarfi a hau Dala, daga can ake gane girman abin da aka kewaye da ganuwa.

Ina Sarki yake a ranar da aka ci birni?

Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar dawowa labari ya riske su, runduna ta rabu. Wambai Abbas ya dawo da jama'a Kano, daga baya aka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu ya ce sai an gwabza, aka yi karo a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, can ya faɗi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Alu kuwa aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Kabarinsa na can.

Zaren bai yanke nan ba. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, talakawa da malamai suka yi ta bin sa. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, aka yi gumurzun ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903. Nan ya yi shahada, nan Magajin Keffi ya faɗi, nan ma aka kashe Manjo Marsh na ɓangaren Turawa.

Za mu iya ɗaukar mota mu je waɗannan wurare?

Bebeji kam tafiyar safe ce a dawo da yamma. Burmi tana yankin Bajoga, sai an shirya kwana. Kwatarkwashi kuwa tana Zamfara, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma ban yarda kowa ya kama wannan hanya don yawon ganin tarihi ba sai ɗan gari ya tabbatar masa lafiya lau. Ko'ina kuka je, ku fara da gaida mai unguwa ko dagaci.

Makabartun soja fa? Ina aka binne kakanninmu da suka je yaƙin Hitila?

Wannan tambaya tana sosa mini rai. A wancan Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Ingila, sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Burma daga 1943 zuwa 1945, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. 'Yan Arewa sun cika su, har Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya. Waɗanda ba su dawo ba, a can ƙasa ta rufe su. A makabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon akwai bangon tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta sa sunayen a intanet, kana iya neman na kakanka daga wayarka, sai dai ka gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban, don Bature ne ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

A gida, sunayen barikoki ne suka riƙe mana tarihin: Arakan da Myohaung a Legas, Chindit a Zariya. Bukavu tamu ta Kano sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960. Akwai makabartar soja ta ƙasa a Abuja, kuma duk 15 ga Janairu ake tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma a kiyaye: bariki da makabartar soja ba a shiga sai da izini, ba a kuma ɗaga waya a ɗauki hoto a bakin ƙofarsu.

Me ya sa sai da abokai, kuma wane ladabi za a kiyaye?

Domin kowa da guntun da ya gada. A cikinmu akwai wanda kakarsa ta ba shi labarin masu bin Attahiru, akwai wanda ya taso yana ganin lambobin yabon kakansa na Burma a ƙasan wata tsohuwar adaka, naɗe cikin tsumma, bai taɓa tambayar ko na mene ne ba. Sai a gindin badala ya tuna da su. Ga kuma sauƙin kuɗin mai in an yi karo-karo.

Ladabin kuwa sananne ne. A shiga makabarta da sallama da addu'a, ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a shewa. Kabarin wanda ba Musulmi ba ma a bar shi da mutuncinsa. Kada a ɓantari ƙasar ganuwa ko a tsinci wani ƙarfe a sa aljihu. Gardamar wane ne jarumi, wane ne ya miƙa wuya, a yi ta da taka-tsantsan, domin jikokin kowane ɓangare suna nan cikin birni, wataƙila ma a cikin motarku.

Mu dai mun sa ranar Bebeji bayan salla. Abokin nan namu ya yi alkawarin zuwa da lambobin kakansa mu karanta abin da aka rubuta a jikinsu.