Hoton guza tana cin abinci: dokar Nijar tana ganin sa a matsayin farauta

Da damina ta sauka, guza da damo sukan bayyana a bakin tabkunan jihar Damagaram, daga Gidimuni har fadamun Korama. Samari masu salula da kyamara suna son kama guza daidai lokacin da ta cafke kwaɗo ko kifi. Abin da yawancinsu ba su sani ba, akwai dokar da ta shafi wannan aikin, ko da babu bindiga ko gora a hannunsu.

Ita ce doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Da ta zo fayyace farauta ba ta tsaya ga kisa ba. Neman dabbar daji, bin sawunta, ɗaukar hotonta, ɗana mata tarko, kama ta, ji mata rauni, kwashe ƙwanta ko fasa shi, duk farauta ne, kuma ba a farauta sai da takardar izini. Izinin kala biyar ne: na binciken ilimi, na kamu don kasuwanci, na farautar gargajiya, na farautar nishaɗi, sai na kallo. Mai kyamara na ƙarshen nan yake buƙata, kuma ba ya ba shi damar taɓa dabbar. Duk wanda ya shirya takanas zai shiga daji ɗaukar hoto, balle in sayarwa zai yi, ya fara biyawa ta ofishin jami'an gandun daji na yankinsa. A gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 kuma wani ɓangarensa ke cikin jiharmu, maganar izini ta fi tsanani.

Inda na fi jin ciwo shi ne yadda ake samo wasu hotunan. Guza tana da tsoro, da ta ji motsi sai ruwa. Wanda ba ya iya jira sai ya biya yara su kamo ta, a ɗaure mata ƙugu da igiya, a ajiye mata abinci a gaba, a ɓoye igiyar a bayan ciyawa. Wannan kamu ne, izinin kallo bai rufe shi ba. Wani kuma sheƙar tsuntsu yake kwashewa ya jera ƙwan a bakin ruwa don ya jawo ta, alhali kwasar ƙwan tsuntsun daji ita ma farauta ce a idon doka. Laifi biyu ke nan saboda hoto ɗaya. Dokar ta kuma hana koro namun daji da wuta, ta hana amfani da guba, ta hana farautar dare ko da fitila ko babu. To ina amfanin haska ramin guza da dare? Da rana take kiwo. Da hantsi takan fito ta sha rana har jikinta ya yi ɗumi, sannan ta shiga neman kifi, kwaɗi, dodon koɗi da ƙwai.

Damo ya fi shan wahala, don ba ya da gudun guza. Abincinsa ƙwari ne, irin su gyare da ƙadandoniya da kunama, kuma da damina yake tara kitsen da zai riƙe shi tsawon rani, lokacin da yake lafewa a rami kusan ba ya cin komai. Kore shi daga kiwo a watan Agusta don a sami hoto rage masa guzurin rani ne. Ana yi masa kirari da sarkin haƙuri, amma haƙurinsa bai zama izini ba.

Akwai kuma CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wadda Nijar ke cikinta tun 1975. Hoto yana ƙetare iyaka ba tare da matsala ba. Dabbar kanta ko fatarta kuwa sai da takarda, domin guza da damo suna rukuni na biyu, inda ake kasuwanci da izini kaɗai. Damon hamada, wanda ake samu a yashin arewa, yana rukuni na ɗaya, an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Mai hoton da ya ga jaka ko takalmin fatar guza a kasuwa ya yi sha'awar tafiya da shi waje, ya tuna da wannan kafin ya biya kuɗi.

Hukuncin saɓa dokar farauta ya haɗa da tara da zaman kaso, kuma ana iya ƙwace kayan da aka yi aikin da su.

Aikin kansa ba ya buƙatar komai daga abubuwan da aka hana. Ka zo da wuri, ka zauna nesa a inuwa, ka bar kyamara ta jawo maka ita. In guza ta kumbura wuya tana huci, ko ta lanƙwasa wutsiya za ta yi bulala, ko ta saki abin da ke bakinta, ka matso da yawa. Ja da baya. Babbar guza takan kai mita 2, kuma cizonta yana saurin ruruwa in ba a wanke shi an je likita ba.