Suturar farautar barewa a sanyin Wiskonsin: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa jibgegiyar riga guda ɗaya ba ta wadatar da maharbi?

Farautar barewa da bindiga a jihar Wiskonsin ta Amurka kwana tara ake yi a ƙarshen Nuwamba, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus. Maharbi yakan taka cikin daji ɗauke da kaya, sannan ya hau dandamalin da aka ɗaure a jikin bishiya ya yi kwanto na sa'o'i ba motsi. Rigar da ta dace da wannan zama ita ce za ta jiƙa shi sharkaf da gumi a hanya, alhali ruwa ya fi iska janye ɗumin jiki kusan ninki 25. Shi ya sa gogaggun maharba ke shiga daji da sutura kaɗan, har suna ɗan jin sanyi, babbar rigar kuwa tana ɗaure a bayan jaka, sai gumi ya tsane su sa ta.

Wace riga ya kamata ta bi jiki?

Auduga, wadda muke yabo a ƙasar zafi saboda shan gumi, ita ce abar gudu a nan, domin idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri. Ulun tumakin merino ko yadin roba mai fitar da danshi sun fi ta. A kansu ake ɗora suwaita mai zik, wadda za a iya zugewa idan jiki ya ɗauki zafi.

To, jaket ɗin waje fa?

Aikinsa tare iska da ruwa, kuma yaduka irin su Gore-Tex, wanda tushensa binciken injiniyan Amurka Bob Gore ne na 1969, suna hana ruwa shiga tare da barin tururin jiki ya fita. Sai dai wasu yadukan kan sandare a cikin sanyi su riƙa ƙaras-ƙaras, kunnen barewa kuwa ba ya barin irin wannan ya wuce. A ganina, kafin mutum ya biya kuɗi, gara ya sa jaket ɗin a kan duk abin da zai sa a daji, ya goga hannun rigar a ƙirjinsa ya saurara, sannan ya ɗaga hannuwa kamar mai saita bindiga. Idan ya ɗame shi a kafaɗa, ya ɗauki wanda ya fi shi girma, don matsatstsiyar sutura tana danne iskar da ke riƙe ɗumi a tsakanin riguna. Lallausan gashin dinya da ake cusawa a cikin wasu jaket ya fi komai ɗumi idan aka dubi rashin nauyinsa, amma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina amfani, don haka a ranar jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara cushen roba ya fi aminci.

Ba launin ruwan lemo mai walƙiya da ake sawa a farauta zai tona asirin maharbi ba?

A'a. Idon barewa ba ya bambance ja da ruwan lemo yadda na ɗan Adam ke yi, shuɗi ne ya fi fito mata fili. Dokar Wiskonsin ta wajabta aƙalla rabin suturar waje daga ƙugu zuwa sama ta kasance da launin ruwan lemo mai walƙiya domin kada wani maharbi ya ɗauki ɗan'uwansa nama, kuma tun 2016 ta amince da ruwan hoda mai walƙiya. Wanda ya zura wata riga a kai ya rufe launin ya karya doka, ko da sanyi ne ya sa shi.